Littafin koyon Photoshop bai yi daidai da abin da ke kwamfutata ba

Malam, ka ce ka sayi littafin 'yan koyo, amma hotunan ciki sun sha bamban da abin da kake gani a kwamfutarka. Ba laifinka ba ne. Littattafai da yawa a kan CS6 aka rubuta su, wato tsohon samfurin Photoshop wanda ya fito a 2012, kuma tun daga lokacin an sauya wa wasu maɓallai wuri. Aikinsu dai yana nan.

Fara da babin leya (wato shimfiɗun da ake jera sassan hoto a kansu, ɗaya bisa ɗaya), ka daɗe a kansa. Kafin ka taɓa hoto, danna Ctrl+J ka yi aiki a kan kwafi. Da nake koyo a Tudun Wada, hoton auren yayata na ɓata saboda rashin yin haka, har yau ana min tsiya.

Riƙa adana aiki a PSD, nau'in fayil ɗin Photoshop da ke barin leyoyi a rarrabe, don JPEG haɗe leyoyin yake yi. Ctrl+S kuwa, na adana aiki, kada hannunka ya huta, ka san halin wutarmu.

Idan katin biki ko fosta za ka buga, sa 300 dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci na hoton, sannan ka je wurin mai ɗab'i ya nuna maka CMYK, tsarin launukan da injin ɗab'i ke amfani da shi, da idonka, domin launin allo daban yake da na takarda.