Wuƙaƙena sun dakushe duk da ina goga su: shin in kai su wurin mai washi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wuƙaƙen kicin guda uku da na yi shekara biyu ina aiki da su. Kullum ina goga su a jikin sandar ƙarfen da ta zo tare da su, amma yanzu ko a fatar tumatir zamewa suke yi. Shin in kai su wurin masu washi? Ta yaya kuma zan gane wanda ba zai lalata mini su ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kai su, domin abin da kike yi da sandar nan ba washi ba ne, ko da yake mutane da yawa haka suka ɗauka. Bakin wuƙa siriri ne ƙwarai, kuma yawan aiki yana lanƙwasa shi zuwa gefe ɗaya. Sandar tana miƙar da abin da ya lanƙwashe ne kawai. Idan kuwa ƙarfen bakin ya cinye har ya zama dunƙulalle, babu sauran abin miƙarwa, sai an ci ƙarfe daga ɓangarorin biyu an fitar da sabon baki.

Kina iya tabbatarwa da kanki. Ki riƙe wuƙar a ƙarƙashin fitila, bakinta yana kallon sama. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli, saboda ba shi da faɗin da haske zai sauka a kai. Duk inda kika ga ɗan zaren haske, to nan ne ya dakushe.

Gwanin washi yakan fara da duba irin wuƙar. Wuƙaƙen Turai, irin waɗanda ake ƙerawa a Solingen ta ƙasar Jamus, an saba wasa su a kusurwa kamar digiri 20 a kowane gefe, na Japan kuwa wajen digiri 15, domin ƙarfensu ya fi tauri, yana iya riƙe siririn baki, sai dai ya fi saurin yin giɓi. Daga nan sai zaɓen dutse, kuma duwatsun washi lamba gare su: mai kaushi, daga 200 zuwa 400, na cire giɓi ne da gyara tsinin da ya karye, mai lamba 1000 shi ke yin ainihin aikin, daga 3000 zuwa 6000 kuma na goge baki ne ya yi sumul. Mai washin yana wasa gefe ɗaya har sai wani ɗan gashin ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini, abin da ido ba ya cika gani amma yatsa yana jin kaushinsa. Wannan gashin shi ne shaidar cewa washin ya kai ƙarshen baki. Sai ya juya ya yi haka a ɗaya ɓangaren, a ƙarshe ya cire gashin da dutse mai laushi ko da fata. Wanda ya bar gashin nan ya ba ki kaifin kwana biyu ne kawai.

A ganina, tambaya mafi muhimmanci da za ki yi masa ita ce yadda yake hana wuƙa ɗaukar zafi. Injin da ke juyawa da gudu ba tare da ruwa ba yana iya ƙona siririn bakin cikin daƙiƙoƙi kaɗan, taurin da aka ba ƙarfen tun wurin ƙira ya tafi. Alamarsa launin ruwan ƙasa ko shuɗi a bakin, kuma irin wannan wuƙa takan dawo da kaifi, amma ba ta daɗewa ta sake dakushewa. Inji ba laifi ba ne idan mai tafiya a hankali ne cikin ruwa, ko kuma mai aikin yana yawan tsoma wuƙar yana sanyaya ta.

Shawarata ita ce ki fara ba shi wadda kika fi rainawa cikin ukun. Idan ta dawo, ki duba ko ya cinye ƙarfe da yawa, sannan ki kifa bakinta a kan katako ki ga ko akwai inda ya lotsa har haske yana wucewa ta ƙasa. Ki gwada ta a kan takarda: ya kamata ta ratsa ba tare da ta yage ta ba. Wuƙar burodi mai haƙora da wuƙar tangaran kowace da kayan aikinta, ta tangaran ma sai dutse mai lu'ulu'u, saboda haka ki tambaya tukuna.

Ga aikin gida, washi sau ɗaya ko biyu a shekara yakan isa, muddin kin ci gaba da amfani da sandar, kina yanka a kan katako ko roba maimakon gilashi ko faranti, kuma ba kya jefa wuƙaƙen cikin durowa suna gogayya da cokula.