Filin Tambayoyinku: Kayan Aikin Zane da Gina Shafin Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fara koyon zane a waya da Canva, har mutane sun fara ba ni aikin takardun talla. Yanzu ina so in koma kwamfuta. An nuna mini laftof biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko Core i7 ce mai RAM 8 da faifan ajiya irin na da mai cin terabayit 1. Ta biyu Core i5 ce mai RAM 16 da SSD 256. Mai sayarwa ya dage cewa i7 ta fi. Wacce zan ɗauka? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. In dai ba ka ga wani aibi a jikinta ba, ɗauki ta biyun. Sai dai akwai abu biyu da ba ka gaya mini ba, kuma kada kuɗinka ya bar hannunka sai ka duba su: zubin firosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ake kira i7 ko i5, da fuskar kwamfutar.

Sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna komai. Tun 2008 kamfanin Intel yake fitar da ita, kowane zamani da nasa zubin. Lambar da ke biye da sunan ita ce abin dubawa. Ɗauki i7-4600U, wadda ta cika kasuwar kwamfutocin hannu: zubi na huɗu ce, ta 2013, cibiyar aikinta biyu. Ita kuwa i5-8250U zubi na takwas ce, ta 2017, cibiyarta huɗu, kuma za ta bar waccan a baya nesa ba kusa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka kunna kwamfutar a gaban mai sayarwa, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga ɓangaren da ke nuna ƙarfin aiki, cikakken sunan firosesar yana nan a sama. Ni dai ba na ba kowa shawarar sayen abin da bai kai zubi na takwas ba yanzu, domin daga nan Windows 11 ta fara karɓa a hukumance, ga shi kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

RAM 16 ɗin nan, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da kake aiki a kai a lokacin, shi ne babban abin da ya sa na zaɓa maka ta biyu. Mai zane ba ya buɗe abu ɗaya. Ga manhajar zane, ga burauza da shafuka goma ana neman hoto, ga fayil ɗin da abokin ciniki ya turo. Da RAM 8 za ka yi aiki, amma da zarar shimfiɗun zanenka sun yi yawa sai kwamfutar ta koma aron wuri a faifan ajiya, in kuma faifan irin na da ne mai juyawa, sai ka danna abu ka zauna jira. SSD, wato faifan ajiya na zamani, ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa, shi ya sa yake da sauri kuma ya fi jure jijjiga a jaka. Gaskiya ne gigabayit 256 ya yi kaɗan, musamman da yake Photoshop yana son fili a faifai don aikinsa na wucin gadi. Maganin wannan mai sauƙi ne: faifan waje na ajiye ayyukan da ka gama, wanda dama dole ne ka mallaka ko da wacce ka saya.

Fuska kuwa ita ce abin da masu saye suka fi yi wa sakaci, alhali ita za ka wuni kana kallo. Buɗe hoton fuskar mutum, ka riƙe murfin laftof ɗin ka tura shi baya a hankali, sannan ka jawo shi gaba. Idan fatar mutumin ta yi duhu da ka tura, ta kuma koɗe kamar an wanke ta da ka jawo, wannan fuskar TN ce, ka bar musu abarsu. Launin da za ka zaɓa a kanta ya danganta da yadda ka karkata wuyanka ne. Nemi wadda ake kira IPS, mai ɗigo 1920 a 1080, ba 1366 a 768 ba. Sannan ka buɗe farin shafi zalla ka duba ko akwai tabo mai ruwan ɗorawa ko ɗigon da ya mutu. Katin hoto na musamman kuwa ba ka buƙatarsa don takardar talla, sai ranar da ka shiga haɗa bidiyo ko zane mai siffa uku irin na Blender.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na yi wa wata ƙungiya tambari a Photoshop, ya yi kyau a waya. Da aka buga shi a babban bana sai gefensa ya farfashe, shuɗin kuma ya dushe. Mai bugawa ya ce nan gaba in kawo a Corel. Ba ni da halin biyan Adobe duk wata, wani ya ce zai sa mini wadda aka fasa kyauta. Ina mafita? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Barka kadai, Malama. Hannunki ba shi da laifi, kayan aikin ne ba na wurin ba. Hoto a Photoshop ɗigo-ɗigo ne, kuma adadin ɗigon ƙayyadadde ne tun ranar da kika buɗe fayil ɗin. Mu ce tambarinki ɗigo 1000 ne a faɗi. A ma'aunin da ake bugu mai kyau da shi, wato ɗigo 300 a kowane inci, iyakarsa santimita 8 da rabi. Da aka ja shi ya kai mita 2, kowane inci ya tashi da ɗigo 13 kacal, dole ki ga gefensa kamar matakala. Illustrator da CorelDRAW da Inkscape ba ɗigo suke ajiyewa ba, lissafin layi da lanƙwasa suke ajiyewa, don haka ko a jikin biro ko a jikin bene za a sa tambarin, gefensa sumul zai fito. Tambari da rubutu a nan ake yin su. Photoshop na gyaran hoton da aka ɗauka ne.

Dushewar shuɗin kuwa wata matsala ce daban. Fuskar waya da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Na'urar bugu da tawada huɗu take haɗawa, wato CMYK, kuma akwai shuɗi da kore masu walƙiya da tawada ba za ta taɓa kaiwa gare su ba. Ki saba da mayar da aikin bugu zuwa CMYK tun da wuri, domin ki ga dushewar a gabanki kafin mai aikin ya ganta a bango.

Ba dole sai Corel ba. Abin da mai bugawa yake so shi ne fayil ɗin da zai iya ja ba tare da ya fashe ba, kuma PDF da aka fitar daga manhaja mai lissafin layi da lanƙwasa ya wadatar. Inkscape kyauta ce tun fitowarta a 2003, tana yin tambari tsaf. Rauninta ɗaya shi ne CMYK, don haka ki gaya wa mai bugawa fayil ɗin RGB ne, ki nemi ya buga miki ɗan gwaji kafin babban. Don gyaran hoto akwai GIMP, wadda zubinta na 3 ya fito a 2025, akwai kuma Krita ga mai zane da hannu. Abu biyu kafin ki tura: ki mayar da rubutu ya zama zane, a Corel Ctrl da Q ne, don kada salon rubutunki ya sauya a kwamfutar da ba ta da shi, kuma ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

Tunda mun zo kan salon rubutu, ga abin da nake yi kafin in so kowanne: sai in buga ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu in gani. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da su, sai manhajar ta ari harafin daga wani salo, ki ga "ƙungiya" ƙ ɗinta siririya sauran haruffan masu kauri. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma kyauta ne.

Wadda aka fasa kuwa, ban yarda ba. Na san tun 2013 da Adobe ya koma karɓar kuɗi wata-wata mutane da yawa suka bi wannan hanya. Amma ki lura, umarnin farko da ake ba mai sa irin wannan manhaja shi ne ya kashe mai gadin kwamfutarsa. Ke da kanki kin buɗe ƙofa ga abin da ba ki san wanda ya haɗa shi ba, a kwamfutar da kalmomin sirrin imel ɗinki da fayilolin mutane suke. In aiki ya kai ki ga buƙatar Adobe, kuɗin aikin zai biya ta.

Tambaya: Malam, ina so in fara gina wa mutane shafin intanet. In koyi WordPress ne ko rubuta kod? Kuma an ce sai da Mac ake yi. (Daga wani matashi)

Amsa: Wanda ya ce maka sai da Mac bai faɗi gaskiya ba. Gina shafi ya fi zane sauƙin nauyi a kan kwamfuta: burauza da Visual Studio Code, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, sun ishe ka. Mac tana da kyan fuska da batir mai daɗewa, amma tun zubin M1 na 2020 RAM ɗinta a haɗe yake da firosesa, abin da ka saya da shi za ka zauna har ta tsufa.

Fara da WordPress, manhajar gina shafi ba tare da rubuta kod ba, in kana so ka soma karɓar aiki da wuri. Tun 2003 take, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke, don haka duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka, ya kuma rubuta maganinta. Ba sai ka biya masauki ba, wato wurin da ake ajiye shafi a intanet, kafin ka koya. Sa manhajar Local ko XAMPP a kwamfutarka, shafin zai tashi a cikinta ko babu intanet. Amma kada ka tsallake HTML da CSS, kod ɗin da ake tsara shafi da shi. Ranar da mai shafi ya ce a matsar da wannan maɓallin, tsararren ƙirar da ka ɗauko kuma ta ƙi, danna F12 ka karanta abin da ke ƙarƙashi shi ne kawai zai fitar da kai. Wix da ire-irenta suna da daɗin farawa, sai dai ba za ka iya kwashe shafin ka kai wani masauki ba in kun ɓata.

Kayan aikin da na fi so ka tanada ma ba kwamfuta ba ce, ƙaramar waya ce mai rauni. Yawancin masu ziyara da waya za su shigo. Duk shafin da ka gama, buɗe shi a kanta. In hoton farko ya daɗe yana saukowa, to ka ɗora shi ne yadda kyamara ta ɗauke shi, mai megabayit 5 ko fiye. Rage faɗinsa, ka mayar da shi WebP, nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi. Sunan shafin kuma a yi rajistarsa da imel ɗin mai shi, ba naka ba, don kada rabuwarku ta zama rigima.

Tambaya: Allon zane mai alƙalami dole ne ga mai farawa? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: A'a, ƙanwata. Tambari da takardar talla da tsara shafi duk linzamin kwamfuta mai kyau ya fi dacewa da su. In kina zana mutane da hannu ko kina goge tabo a hoton fuska, a nan alƙalamin yake da amfani, domin yana jin nauyin hannunki, layi ya yi kauri ko siriri. Ƙaramin Wacom ko Huion ko XP-Pen marar fuska ya isa. Makon farko za ki ji wani iri, hannu yana ƙasa ido yana sama, daga baya sai ya bi jiki.