Ga 'yar'uwar da ke son shan maganin barci kafin ta hau jirgi

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce za ki Umara, tun yanzu gabanki na faɗuwa, kuma an ba ki shawarar ki sayi diazepam ki haɗiye kafin jirgi ya tashi. Ni na taɓa yi, shi ya sa na kasa yin shiru.

Tafiyata ta farko daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, wata abokiyar tafiya ta miƙo min ƙwaya ɗaya. Tsoron ya kwanta kam, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma sa'o'i huɗu da ɗoriya na yi a naɗe kamar kayan wanki, sallah ta wuce ni, na sauka ƙafafuna a kumbure, fasfo ma sai da aka nemo min a jakata. Da za mu dawo, tsoron yana nan daram, har ya ƙaru, don ban san yadda na kai can ba balle in ce na saba.

Daga baya likita ta fahimtar da ni. Iskar cikin jirgi kamar ta saman dutse ce mai tsayin kusan mita 2,000, ita kuma ƙwayar tana rage ƙarfin numfashi. Barcin da take sawa mai nauyi ne, ba motsi, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, musamman in tafiya ta haura sa'o'i 4. In kuma wani abu ya taso, an tsara a kwashe fasinjoji cikin daƙiƙa 90, mai magagi ina zai iya? Don haka ne likitoci da yawa a Ingila suka daina rubuta ta saboda tsoron jirgi. Ga kuma doka: Saudiyya ba ta wasa da irin waɗannan ƙwayoyi in babu takardar likita.

Ban ce haramun ba ne. In tsoron naki har numfashi yake ɗauke miki, ki je asibiti, ki faɗa musu in kina da ciki, asma ko hawan jini. Su yanke. Kemis ɗin unguwa dai a'a.

Abin da ya yi min magani shi ne sanin ƙararrakin jirgi. Wannan "gum" bayan tashi tayoyi ne ke shigewa. Can sai ki ji injin ya lafa, cikinki ya yi kamar za a faɗo. Matuƙi ne ya rage wuta don ya gama yunƙurin tashi. Girgiza kuwa gargada ce irin ta hanyar ƙauye, ɗamarar kujerarki kawai ki ɗaura. Ki roƙi kujerar saitin fiffike, can ya fi natsuwa. Goro da kofi ki haƙura da su ranar (ni goron ne ya fi min wuya). Ki gaya wa ma'aikaciyar jirgin kina tsoro, sun saba, za ta riƙa leƙo ki.

Ni da zarar ya fara gudu sai in karanta "Subhanallazi sakhkhara lana haza", in ja numfashi ta hanci, in sake shi a hankali, carbi a hannu. Har yau tafin hannuna yana jiƙewa lokacin tashi, amma da ƙafata nake sauka. Allah ya kai ki lafiya, ki sa mu a addu'a a Rauda.