Wai da gaske mutanen Washington ba su da sanata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina yana tuƙin taksi a Washington, rannan ya turo min hoton lambar motarsa, a jikin lambar akwai wani rubutu da ya ce ma'anarsa "a kawo ƙarshen biyan haraji ba wakilci". Ya ce wai su mazauna birnin ko sanata ɗaya ba su da shi. Ni dai na ɗauka zolayata yake, ta ya babban birnin Amurka guda zai rasa abin da mu nan Abuja muke da shi? Don Allah a warware min. Daga wani mai bibiya a Kubwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba zolayarka yake ba wallahi, haka abin yake. A ƙidayar 2020 mutanen birnin sun kai 689,545, sun fi jihar Wyoming yawa, sun fi Vermont, amma waɗancan kowacce na da sanata biyu su kuwa ba ko ɗaya. A majalisar wakilai suna da mutum ɗaya, Eleanor Holmes Norton, tun 1991 take kan kujerar, tana magana tana zaman kwamiti tana kawo ƙuduri, amma in an zo kaɗa ƙuri'ar ƙarshe sai dai ta zuba ido. Haraji kuwa in ka raba da yawan kai, ba jihar da ta kai su biya wa gwamnatin tarayya. Rubutun lambar motar tun 2000 aka fara sa shi, a 2017 aka ƙara masa "a kawo ƙarshen", kuma baƙar magana ce, don da wannan koken ne kakannin Amurkawa suka yi wa Ingila tawaye.

Asalin abin tsoro ne ya kawo shi. A 1783 majalisa na zama a Philadelphia, sojojin da ba a biya albashi ba suka zagaye ginin, aka roƙi gwamnatin Pennsylvania ta turo dakarunta ta ƙi, ƴan majalisa suka tattara komatsansu suka gudu Princeton. Daga nan suka ce ba za su sake zama ƴan haya a gidan wata jiha ba. Shi ne aka sa a tsarin mulki cewa za a ware fili da bai wuce mil goma tsawo mil goma faɗi ba, majalisar tarayya ce kaɗai mai iko da shi. Maryland da Virginia suka ba da ƙasa, gwamnati ta tare a 1800, a 1801 mutanen wurin suka wayi gari ba su da ƙuri'a.

Tun daga lokacin ake ba su haƙƙin a cokali a cokali. Gyaran tsarin mulki na 23 a 1961 ya ba su damar zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'u 3 a cikin wakilan zaɓe, wato waɗanda ƙuri'unsu ne ke tabbatar da wanda ya ci. A 1973 aka yarda su zaɓi magajin gari da kansiloli 13. To amma ga inda gizo ke saƙar, duk dokar da kansilolin suka yi sai ta je majalisar tarayya an duba, in ba ta yi musu ba su soke ta, kuma sun yi, a 2023 sun soke sabuwar dokar hukunta laifuka ta birnin, Biden da kansa ya sa hannu duk da jam'iyyarsa ce ke iƙirarin goyon bayansu. Dakarun National Guard, wato sojojin ko-ta-kwana, na kowace jiha suna hannun gwamna, na Washington suna hannun shugaban ƙasa, shi ya sa a Agustan 2025 Trump ya iya baza su a tituna ya karɓe ragamar ƴan sandan birnin na wata guda, magajiyar gari Muriel Bowser tana ji tana gani.

Ba wai sun zauna ba ne. A 1978 majalisa ta amince da gyaran da zai ba su cikakken wakilci, ana buƙatar jihohi 38 su yarda, 16 kacal suka yarda har wa'adin ya ƙare a 1985. A 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama kusan kashi 86 suka ce jiha suke so. Majalisar wakilai ta amince sau biyu, 232 da 180 a 2020, sannan 216 da 208 a 2021, har suna an raɗa, Washington, Douglass Commonwealth, don tunawa da Frederick Douglass wanda ya tsere daga bauta ya zama jagoran yaƙi da ita. Duka biyun a majalisar dattawa suka mutu, inda sai da ƙuri'a 60 cikin 100 ake iya ture masu jan ƙafa.

Masu adawa suna cewa tsarin mulki bai yarda ba. Masu so suka ce ai tsarin mulkin iyakar girma ya faɗa bai faɗi iyakar ƙanƙanta ba, a rage filin tarayya ya tsaya kan fadar White House da ginin majalisa da kotun ƙoli da filin da ke tsakani, sauran unguwanni su zama jiha, tunda ko a 1846 an mayar wa Virginia nata ɓangaren ba wanda ya mutu. Gaskiya akwai ƙulli ɗaya na gaske, waɗancan ƙuri'u 3 na zaɓen shugaban ƙasa za su maƙale a ɗan filin da kusan iyalin shugaban ƙasa ne kaɗai ke kwana a ciki, sai an soke gyara na 23 kenan.

Amma ni a nawa ganin duk wannan kewaye ne, maganar kujeru biyu ce. Birnin bai taɓa zaɓen ɗan Republican a shugaban ƙasa ba, Biden kashi 92 ya samu a 2020, kaga duk ranar da ya zama jiha Democrat sun samu sanata biyu a sama, a majalisar da kujera ɗaya ke juya komai. Wa zai miƙa wa abokin hamayya wuƙar yanka shi? Ga kuma batun launin fata da ba a son faɗa a fili, a 1970 kusan kashi 70 na mazauna birnin baƙaƙe ne, kuma shekaru da dama ƴan majalisa daga kudu masu ra'ayin wariya ne ke riƙe da kwamitin da ke kula da birnin.

Kwatancenka da Abuja kuwa rabi da rabi ne. Ku kuna da sanata ɗaya da ƴan majalisar wakilai biyu masu cikakkiyar ƙuri'a, nan kun fi su. Amma ba ku da gwamna ba ku da majalisar jiha, minista shugaban ƙasa ke naɗa muku, iyakacinku ciyamomi na ƙananan hukumomi shida, su kuwa ko ba komai suna zaɓen mai riƙe da birnin gaba ɗaya.

Wasu ƴan Republican na cewa a mayar da unguwannin cikin Maryland kowa ya huta, sai dai ƴan Washington ba sa so, ita ma Maryland ba ta nuna tana marmari ba. Shi ƙanin naka in ya zama ɗan ƙasa kuma abin na damunsa, ya kama haya a Silver Spring da ke jihar Maryland, tsallaka titi ne kawai daga bakin iyakar birnin, yana yin rajistar zaɓe a can ya samu sanata biyu da ɗan majalisa, taksinsa kuma ya ci gaba da ja a titunan da ya saba.