Amsa: Bidiyon waƙa kafin talabijin

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai bidiyon waƙa kafin talabijin ta shiga gidaje. Akwai mana. A Amurka, lokacin yaƙin duniya na biyu, kamfanin Mills Novelty na Chicago ya baza akwatunan Panoram a mashaya da gidajen abinci tun 1940. Ka jefa santi 10, allo ya kawo maka fim ɗin waƙa na minti 3, irin finafinan da ake kira Soundies.

Sai dai ba zaɓi. Finafinai 8 ne jere a naɗin fim guda, wanda ya biyo layi shi za ka kalla, ko ka so ko ka ƙi. A ganina darajarsu yau ita ce mawaƙa baƙar fata irin su Fats Waller da Louis Jordan, da Hollywood ba ta cika ba su fili ba.