Amsa ga ƙanena mai shirin tafiya Yamai

Barka da cin bak, jarrabawar gama sakandare, ƙanena. Ka ce za ka shiga Jami'ar Abdou Moumouni, kana tambayar abin da za ka tanada kafin ka bar Maradi.

Fara da takardu. Takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa da sakamakon bak, ka yi kwafi da yawa, a buga musu hatimi tun a Maradi, ka haɗa da hotuna. Ni sai da na aiko gida aka nemo mini ɗaya, sati biyu ina zaman jira.

Masauki ne babbar magana. Jami'ar tana Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy, ɗakunan ɗalibai kuwa ba sa isar kowa. Kada ka hau mota sai ka san inda za ka ajiye jaka, ko da tabarmar wani ɗan uwa ce. Tafiyar ta wuce kilomita 600, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, a gajiye za ka sauka.

Ka riƙe gidan sauro, bakin kogi ne. Ka koyi gaisuwar Zabarmanci, ko "fofo" kaɗai tana buɗe fuska a kasuwa. In Inna ta ɗaura maka ƙuli-ƙuli da gari, karɓi, ƙarshen wata za ka neme su.