Jirgi Ba Ya Jiran Mai Motar Haya

Tambaya: Malam, ni da maigida za mu yi yawon jirgin ruwa a Bahar Rum, zai tsaya tsibirin Malta daga takwas na safe zuwa biyar na yamma. Shi yana so mu yi hayar mota na yini ɗaya, ni kuma gabana na faɗuwa. Me ka gani? Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Hajiya, tsoronki na da dalili. A Malta hagu ake tuƙi, gadon Turawan Ingila, mu kuwa tun 1972 muka koma dama. Ranar da na ɗauki mota a can, a shataletalen farko na kunna waifa maimakon sigina, ga giya ta hannu a hagu, mai bas na ta danna mini oda.

In Alhaji ya dage, ya tanadi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da katin bashi na banki, don za a riƙe kuɗin jingina. Kafin ku tashi, ku ɗauki hoton kowane ƙarce a jikin motar, har tayoyi.

Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa kusan kilomita 27. Daga Baleta, babban birnin ƙasar, zuwa tsohon birnin Mdina 'yar tafiya ce, sai dai a wajen ganuwa za ku ajiye mota ku shiga da ƙafa.

Ku mayar da ita ƙarfe uku. In jirgi ya ce biyar, yawanci huɗu da rabi ake so kowa ya shiga, kuma wanda ya fita da kansa, ba cikin yawon da masu jirgin suka shirya ba, ba a jiransa. Ni dai da zan koma, tasi zan ɗauka.